Dakashi da Tsattsafowar Nonon Mai Ciki a Tarihin Ƙasar Gwandu

Gabatarwa

A gidajen Gwandu da Kalgo da ƙauyukan da ke kewaye da su, kamar dai sauran ƙasar Hausa, akwai wani ɗan al'amari da ba a cika ɗaga murya a kansa ba, amma kuwa yakan hana mata barci. Yarinya mai cikin fari, ciki ya kai wata shida ko bakwai, sai ta wayi gari ta ga wani ɗan tabo rawaya-rawaya mai danƙo a gaban rigarta, ya tsattsafo daga nono. Kunya ba za ta bar ta ta tambayi mahaifiyarta ba, balle uwar miji. Sai dai ta raɗa wa wata yayarta ko ƙawarta, amsar da za ta samu kuwa ta danganta ga bakin da ta tambaya. Wata ta ce mata albishir ne, za ta yi ruwan nono har ya yi ambaliya. Wata ta ce abincin yaro ne ke zubewa tun kafin ya iso, ranar da ya zo sai a tarar tulu ya tsiyaye. Maƙwabciyarta kuma, wadda cikinta ya tsufa ba ta ga ko ɗigo ba, tana can tana nata zullumin, wai ko busasshen nono gare ta.

Wannan ruwa shi ne dakashi, watau nonon farko mai kauri wanda ke riga farin nono zuwa. Kalmar tsohuwa ce a harshen Hausa, tana cikin ƙamus ɗin Bargery na 1934, ana kuwa faɗinta ga mace ana faɗinta ga dabba. Larabawa suna ce masa liba'u. Tambayar da matan nan biyu ke yi ta daɗe ƙwarai, domin likitocin Girka sun yi ta, malaman fiƙihu sun taɓo gefenta, makiyaya kuma sun amsa rabinta a aikace tun kafin a rubuta kome. Ƙasar Gwandu wuri ne da waɗannan hanyoyi suka haɗu a cikin gida ɗaya, shi ya sa ta dace da a bi tarihin maganar ta cikinta.

Al'adar gida

Bahaushe bai taɓa yin sakaci da sha'anin ruwan nono ba. Hasali ma dai rabin hidimar jego don shi ake yi. Mai cikin fari takan koma gidan iyayenta goyon ciki, a tara itace tun kafin watan haihuwa ya kama. In ta sauka lafiya sai wankan jego da tafasasshen ruwa da ganye, safe da yamma, har a yi arba'in ko fiye. Ga kunun kanwa, ga ƙauri, ga gasasshen nama da yaji, duk da nufin jini ya gyaru, sanyi ya fita, nono ya kawo. Abin lura a nan shi ne, dukkan wannan ƙoƙari a kan cikin uwa yake: a ciyar da ita, a gasa ta, a shayar da ita magani. Bakin jariri ba a lissafa shi cikin masu kawo nono. Shi mai jira ne kurum, sai an gama girki a kira shi.

Dakashi kuwa ba a ɗauke shi girkin da ya nuna ba. Kaurinsa da launinsa sun sa ana kamanta shi da mugunya, ko kuwa nonon da ya kwana cikin jiki wata da watanni har ya lalace. Daga nan aka samu al'adar tatse shi a zubar, a wanke nono da magani, a jira kwana uku in namiji aka haifa, huɗu in mace ce, bisa ga lissafin nan na uku da huɗu da ke yawo cikin al'adun Hausawa da yawa. A tsawon kwanakin nan jariri yana rayuwa a kan ruwan ɗumi, da rubutu, da ɗan dabino ko zuma, da madarar akuya ko ta saniya, a wasu wuraren har da jiƙon bauri.

Sa'an nan akwai gwaji. Tsoron da ke bayansa shi ne na ƙaiƙayi, wani mugun abu da aka yi imani yana zama cikin nonon wasu mata, ya riƙa kashe musu 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya. Sai a tatsi nonon a ludayi ko ɗan ƙoƙo a jefa tururuwa ko kiyashi a ciki. In ya fita da ƙafarsa, nono ya yi kyau. In ya mutu a ciki, to sai magani. Wasu kuma ƙarfe suke ɗorawa a wuta, su ɗiga nonon a kai su dubi yadda zai yi. Ba sai an faɗa ba, ƙwaro ɗan mitsitsi ya fi saurin maƙalewa a cikin abu mai kauri da danƙo, saboda haka dakashin da ya fi kowane kyau shi ya fi kusa da faɗuwa wannan jarrabawa.

Ba daidai ba ne a yi wa tsofaffin nan dariya. Sun binne jarirai da yawa, suna neman dalili, sun kuwa nemi dalilin a inda idonsu ke iya gani. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, a bisa wannan ne yarinya 'yar shekara goma sha biyar ba ta da bakin musu da kakarta ko ungozoma. Ga kuma kunyar ɗan fari, wadda ta yi ƙarfi ainun a gidajen Fulani da waɗanda suka yi cuɗanya da su: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta nuna ɗokinsa, sau da yawa sai an matsa mata kafin ta ɗauke shi ta ba shi nono a gaban mutane. Duk wannan yana ƙara nisa tsakanin bakin jariri da nono a kwanakin farko.

Abin da littattafai suka zo da shi

A shekarar 1805 rundunar jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a ƙarƙashin ƙanensa Malam Abdullahi, ta ci Birnin Kebbi, a cikin shekarar kuma jama'a suka sauka a Gwandu. Da aka raba sha'anin mulki a 1812, yammacin daula ya faɗa hannun Malam Abdullahi, daga baya Gwandu ta zama mazauninsa har ya rasu a 1829. Garin ya zama matattarar malamai da littattafai. A nan ne matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya samu kofen Tarihus Sudan a 1853, zamanin Sarkin Gwandu Halilu. Malam Abdullahi da kansa ya rubuta Masalihul Insani, wanda ya haɗa maslahar addini da ta jiki. Ɗan wansa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da na ciwon ido da na basir. Nana Asma'u kuma ta rubuta Tabshirul Ikhwani a 1839, a kan neman waraka da surorin Alƙur'ani, cikin bukatun da ta kula da su har da na masu ciki da na yaye. Ashe ke nan sha'anin lafiyar uwa da ɗa ba baƙo ba ne a zaurukan karatun wannan ƙasa.

To, amma gadon Larabci da waɗannan zauruka suka ɗebo daga cikinsa bai zo da murya ɗaya a kan dakashi ba. Likitoci suna gefe guda, masana shari'a suna gefe guda.

Ilmin likitancin Larabawa ya gaji na Girka. A wurin Jalinusu, wanda ya rayu a ƙarni na 2 na Miladiyya, nono jini ne: jinin da ke ciyar da ɗan tayi a mahaifa shi ne ke juyawa ya hau ƙirji bayan haihuwa, ya dahu ya yi fari. In haka ne, duk abin da ya fita ta nono kafin haihuwa an rage shi ne daga rabon ɗan tayi. Wannan shi ne ainihin hukuncin da ke cikin gajerun ƙa'idojin da ake danganta wa Buƙrat, wanda Turawa ke kira Hippocrates, inda aka ɗauki yawan zubar nonon mai ciki alamar raunin abin da ke cikinta. Hunainu ɗan Is'haƙa, wanda ya rasu a 873, ya mai da waɗannan ƙa'idoji zuwa Larabci a Bagadaza. Wani likitan Girka mai suna Soranus ya hana a ba jariri nonon uwarsa har kusan kwana 20, ya kuma koyar da gwajin ɗiga nono a kan farce a ga ko zai tsaya ko zai gangara. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya maimaita gwajin farcen a cikin Alƙanun, ya kuma so wata mace dabam ta fara shayarwa har jikin mai jego ya daidaita. Hatta Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, da ya zo ba da shawarwarin reno a cikin Tuhfatul Maududi, ra'ayin likitocin ya bi: ya fi son a yi kwana biyu ko uku wata ce ke shayar da jaririn, saboda kaurin nonon uwa a lokacin.

Ba ana cewa tsohuwar Kalgo ta karanta Ibnu Sina ba ne. Ƙyamar dakashi ta fi kowane littafi yaɗuwa. Wani nazari da aka buga a 1990, wanda ya duba bayanan al'ummomi 120 na duniya, ya tarar 50 daga cikinsu suna jinkirta fara shayarwa kwana biyu ko fiye. Abin da ke akwai shi ne, malamin da ya buɗe littafin ɗibbu ba zai ga abin da zai sa ya tsawata wa tsohuwar ba. Sai dai akwai wani bambanci mai nauyi. Littattafan sun ce a ba jaririn nonon wata mace mai shayarwa. A cikin gida kuwa, sau da yawa abin da ke maye gurbin dakashi ruwan randa ne da madarar dabba da ba a tafasa ba. Wataƙila hukuncin shayarwa ya taimaka wajen haka, domin a mazhabar Malikiyya ko tsotso ɗaya ya isa ya haramta aure tsakanin yaran da suka sha nono guda, a ƙasar da auren zumunta ya yi yawa kuwa ba kowa ke son rufe wannan ƙofa ba.

Masana shari'a sun tsaya a wani wurin dabam. Duk ɗalibin da ya zauna karatun Liya'ut Tawili, tafsirin Malam Abdullahi, lalle ya ratsa ta aya ta 233 ta Suratul Baƙara, wadda ta sanya shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa. Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani da Muhtasar na Halilu, waɗanda su ne ginshiƙan karatun fiƙihu a ƙasar nan, sun ɗora wa matar aure shayar da ɗanta, sai fa in irinta ba su saba shayarwa ba saboda ɗaukaka. Shafi'awa kuwa sun ambaci dakashi da sunansa. Imamu Nawawi, wanda ya rasu a 1277, ya wajabta wa uwa ta shayar da ɗanta liba'u a cikin Minhajuɗ Ɗalibina, masu sharhi kuma suka ba da dalili cewa galibi jariri ba ya rayuwa ko ba ya yin ƙarfi in bai sha shi ba. Abin mamaki ne a ce masanin shari'a ya riga likita gane wannan da ɗaruruwan shekaru.

Haka nan kuma maganar kwanika, watau mace ta yi ciki tana goyo. Hausawa sun ɗauka nonon mai ciki guba ne ga yaron da ke sha, shi ya sa da zarar an gane sai a yi yaye na gaggawa. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai hadisin gila, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi niyyar hana ta, sa'an nan ya bari domin Rumawa da Farisawa suna yi ba ta cutar da 'ya'yansu. Malamai sun fassara gila da saduwa da mai shayarwa, wasu kuma da shayarwar mai ciki. Abin da aka sani yanzu shi ne, nonon mai kwanika yakan ragu a tsakiyar ciki, ya ƙara gishiri, ya koma dakashi. Tsofaffi sun ga canjin da idonsu, sun yi gaskiya. Yaron da ya rame kuwa, ƙarancin nono da yayen farat ɗaya ne suka ramar da shi.

Darasin ruga

Ƙasar Gwandu ƙasar shanu ce. Da rani garkunan Bokoloji da Rahaji sukan gangaro fadamun Gulbin Kebbi, iyalin Fulani makiyaya na wannan yanki ma har littafi guda C. E. Hopen ya rubuta a kansu, wanda ya fito a 1958. Kowane makiyayi ya san abu uku game da nono, bai kuwa koye su a makaranta ba. Ya san ɗan maraƙin da bai sha dakashin uwarsa ba da wuya ya yi rai. Ya san irin shanunmu masu tozo ba sa sakin nono sai an kawo ɗan maraƙi ya fara tsotsa, sa'an nan a janye shi a sa ƙwarya. Ya kuma san saniyar da aka daina tatsa takan ƙafe. Hantsa takan cika gab da haihuwa, wata har ta ɗiga, amma makiyayi yana karanta wannan ne a matsayin alamar haihuwa ta kusa. In yana son sanin saniya mai nono ce, asalinta yake dubawa da kiwon da ta samu da yadda ake tatsarta.

Waɗannan abubuwa uku su ne kusan dukkan abin da ilmin zamani ya zo ya tabbatar game da mace. Ilmin yana nan a bakin garke, tafiyar 'yan taku daga ɗakin mai jego, amma bai shiga ɗakin ba, domin ba a kamanta ɗiyar mutane da saniya.

Ɗakin bincike

A Turai ma sai a ƙarni na 18 ra'ayi ya fara juyawa. A 1748 wani likitan Ingila, William Cadogan, ya rubuta cewa nonon farko shi ne maganin wankin ciki da aka halitta wa jariri, a bar ɗura masa wasu abubuwa. A 1892 Paul Ehrlich ya yi musanyar 'ya'yan ɓeraye tsakanin uwaye a Jamus, ya nuna cewa garkuwar jiki tana bi ta nono daga mai shayarwa zuwa ga abin shayarwa. A 1922 Theobald Smith da Ralph Little suka hana wasu 'yan maruƙa dakashi a Amurka, yawancinsu suka mutu cikin 'yan kwanaki da cutar da ƙwayoyin hanji suka haddasa. Watau sun auna abin da Bafulatani ya riga ya sani. Akwai dai bambanci tsakanin ɗan maraƙi da ɗan mutum: ɗan mutum yana samun wani kaso na garkuwa tun yana ciki ta hanyar mabiyiya, shi ya sa rashin dakashi ba ya kashe shi nan take. Amma a 1961 Lars Hanson na ƙasar Suwidin ya gano wani nau'in garkuwa na musamman a nonon mace, wanda ya fi yawa a dakashi. Aikinsa shi ne shafe bangon hanjin jariri, ya tare ƙwayoyin cutar da uwa ta riga ta gamu da su a muhallinta. Dakashi kuma yana tura baƙin kashin farko waje, abin da ke rage shawarar jarirai.

Game da yadda nono ke samuwa kuwa, ga abin da ya tabbata. Tun wajen mako na 16 na ciki nono ke fara haɗa dakashi, a jikin kusan kowace mai ciki, ko ta gani ko ba ta gani ba. Sinadarin da ke sa a haɗa nono, wanda ake kira furolaktin, yana fitowa daga wani ɗan ƙullutu a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, yana ta ƙaruwa har watan haihuwa. Abin da ke danne shi wani sinadari ne, furojestaron, wanda mabiyiya ke zubawa cikin jini. Muddin mabiyiya na nan, nono ba zai wuce ɗan dakashi ba. Da ta faɗo sai furojestaron ya sauka, a cikin kwana biyu zuwa huɗu farin nono ya kawo. Wannan kawowa ta farko za ta faru ko an shayar ko ba a shayar ba, shi ya sa tsohuwa ke ganin maganinta ya ci: ta wanke nono, ta ba da kunun kanwa, ran na uku ga ƙirji ya cika. Mabiyiyar da aka binne a bayan ɗaki ita ta yi aikin.

Tsattsafowa a lokacin ciki ba ta da alaƙa da wannan lissafi. Magana ce ta bakin nono kawai, ko 'yan jijiyoyin naman da ke tsuke ƙofofinsa sun riƙe sosai ko sun ɗan saki. Wadda ta ga tabo a riga ba ta yi hasarar kome ba, domin nono ba tulu ba ne da ake cikawa sau ɗaya, yana ta haɗa sabo har a haihu. Wadda ba ta gani ba ita ma nata yana nan. A wani gwaji da aka yi a Ostareliya, wanda aka buga a 2017, an ɗauki mata 635 masu ciwon sukari, aka sa rabinsu su riƙa tatsar dakashi da hannu daga mako na 36. Duk da tatsar yau da gobe, rabin masu tatsar abin da suka tara gaba ɗaya bai wuce kimanin cokalin shayi guda ba. Haka abin yake, kaɗan ne. Ko a ranar haihuwa, abin da jariri ke sha a yini da kwana bai cika wuce mililita 30 zuwa 40 ba, daidai da ɗan cikinsa. Zuwa kwana na biyar sai ya kai wajen rabin lita.

In akwai alamar da ta cancanci a duba a jikin mai ciki, to girman nono ne da canjinsa. Macen da nononta bai ƙaru ko kaɗan ba tun farkon ciki har ƙarshe, ita ce aka ga ta fi fuskantar ƙarancin ruwan nono, irin waɗannan kuwa ba su da yawa. Wanda ya fi wannan muhimmanci a ƙasa irin tamu shi ne abin da ke faruwa wajen haihuwa. In wani yanki na mabiyiya ya maƙale a mahaifa, yakan ci gaba da danne nono har sai an fitar da shi. In kuma mace ta zubar da jini mai yawa, ƙullutun nan na ƙarƙashin ƙwaƙwalwa yana iya lalacewa nono ya ƙi zuwa sam, cutar da Harold Sheehan ya bayyana a 1937. Mata nawa aka ɗora wa laifin mugun nono alhali jinin da suka zubar ne sanadi? Ruwan da ya fito da jini kuwa, ko aka ji ƙullutu a nono ɗaya, wannan na likita ne, ba na jira ba.

Bayan kawowar farko, mulki yakan koma hannun jariri. Tsotsonsa shi ke sa ƙwaƙwalwa ta saki oksitosin, sinadarin da ke matso nono waje, wanda kuma ke tsuke mahaifa ya rage zubar jini. Iyakar abin da aka cire, iyakar abin da nono zai mayar. In aka bar shi cike, shi da kansa yake rage aiki. A nan ne al'adar jiran kwana uku ko huɗu ta yi ɓarnar da ba a gani. Nono ya cika ya yi tauri, mai jego ta kama zazzaɓi, jariri da aka cika wa ciki da ruwa ya rasa ƙarfin kamawa, in gudawa ta same shi kuma a ce ai ga shi, dama nonon ba shi da kyau. Ƙarancin da ake tsoro tun ciki na wata bakwai, sau da yawa a cikin waɗannan kwanaki ake ƙera shi.

Zamanin asibiti

Turawa sun ci ƙasar a 1903, a 1906 kuma aka mai da mazaunin Sarkin Gwandu Birnin Kebbi. Babban asibitin garin yana ɗauke da sunan Sarki Yahaya, wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1954. Amma kada a ɗauka asibitin zamanin Turawa ya zo da gyara nan da nan. A yawancin asibitocin duniya na tsakiyar ƙarni na 20, raba jariri da uwarsa ake yi, a ba shi ruwan sukari a kwalba, a kawo shi shan nono bisa agogo. Ruwan ɗumin kaka ne aka sauya wa mazubi. Ga kuma tallar madarar gwangwani, wadda Cicely Williams, likitar da ta bayyana cutar kwashiyoko a ƙasar Gana, ta yi wa kakkausan jawabi a Singafo tun 1939. Sai a 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa ƙa'idar tallar irin wannan madara. Likitocin Zariya kuma, Davidson da Parry, sun nuna a 1978 cewa yawan kanwa da zafin wankan jego suna da hannu a ciwon zuciyar da ke kama masu jego, watau abin da ake sha don nono ya kawo yana da nasa haɗari. Zuma ma an gane tun cikin shekarun 1970 tana iya ɗauke da ƙwayar cuta mai shanye jikin jariri, shi ya sa ake hana ta kafin shekara guda.

A 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta, Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ƙaddamar da shirin asibitoci masu kula da shayarwa, wanda ya sa a ɗora jariri a ƙirjin uwarsa da zarar an haife shi, kada kuma a ba shi kome sai nono. Hujja mafi ƙarfi daga Afirka ta Yamma ta fito: a yankin Kintampo na Gana an bi jarirai 10,947, sakamakon da aka buga a 2006 ya nuna za a iya kauce wa kashi 16 cikin 100 na mutuwar jarirai a watan farko in an fara shayarwa a ranar haihuwa, kashi 22 kuwa in an fara cikin sa'a guda.

Al'adar jego ba dutse ba ce. Ganyen darbejiya da ake wanka da shi a gidaje da yawa yau, wanda wasu ke zaton tun kaka da kakanni ne, itacen bai shigo Nijeriya ba sai wajen 1928. Gwajin tururuwa ma ya ja baya a birane, malaman asibiti kuma suna faɗa wa masu zuwa awon ciki cewa dakashi shi ne rigakafin farko. Kalgo, wadda ke kudu da Birnin Kebbi kaɗan, ta samu babban asibitin jiha, jami'ar tarayya da aka kafa a 2013 kuma tana kan hanyarta ta zuwa Bunza. Duk da haka, binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya tarar kashi 42 cikin 100 ne kawai na jariran Nijeriya aka sa wa nono a sa'ar farko, kashi 29 ne kuma na 'yan ƙasa da wata shida ke shan nono zalla. A cikin wannan binciken Jihar Kebbi ce ta fi kowace jiha mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar, 252 cikin kowane 1,000, matan da suka haihu a asibiti a jihar kuwa ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. Sauran duk a ɗaki suka haihu, inda ungozoma ke yanke cibi, kaka ta karɓi jariri ta yi masa wanka, ita ce kuma za ta faɗi lokacin da za a miƙa shi ga uwarsa.